Joseph-Armand Bombardier: Bakaniken ƙauye da ya ƙera motar da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara

A ranar 31 ga Disamban 1922, mutanen ƙauyen Valcourt da ke lardin Quebec a ƙasar Kanada suka ji wata irin ƙara da ba su saba ji ba a lokacin hunturu.

Da suka leƙo, sai suka ga yara biyu 'yan gida ɗaya a kan wani abin hawa maras taya, yana sulalewa a kan dusar ƙanƙara. An ɗora masa injin tsohuwar mota, an kuma liƙa masa farfelar katako a baya tana tura shi.

Ƙaramin, Léopold, shi ke sarrafa akalar abin. Babban, Joseph-Armand, mai shekara 15, shi ke kula da injin.

Sun yi tafiyar kusan kilomita guda. Da mahaifinsu ya ga yadda farfelar ke juyawa a fili ba tare da wani murfi ba, sai ya ba da umarnin a kwance abin nan take, kafin ya sare wani.

An kwance shi. Sai dai yaron bai bar batun ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ɗan fari da aka so ya zama limamin coci

An haifi Joseph-Armand Bombardier a ranar 16 ga Afrilun 1907 a Valcourt, wani ƙauyen masu magana da Faransanci da ke gabas da birnin Montreal.

Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya takwas na Alfred Bombardier da Anna Gravel. Mahaifinsa manomi ne da ya koma mai kanti.

Tun yana ƙarami ya ke da ƙiriniyar kwance abubuwa. Yana shekara 13 ya haɗa ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, wanda ke tafiya da kayan cikin agogo.

Injin da ya yi amfani da shi a ranar jajibirin sabuwar shekarar na wata tsohuwar Ford Model T ne da aka yanke ƙauna da ita. Shi da ƙaninsa suka zauna a kai har sai da ya tashi.

A al'adar iyalan Katolika na Quebec a wancan zamani, abin alfahari ne gida ya fitar da limamin coci. Don haka aka tura shi makarantar horar da limamai ta Saint-Charles-Borromée da ke birnin Sherbrooke yana shekara 14.

Hankalinsa ba ya can. Yana shekara 17 ya shawo kan mahaifinsa ya bar shi ya koyi kanikanci. Ya fara a matsayin yaron gareji a 1924, daga baya ya wuce Montreal, inda yake aiki da rana yana karatun kanikanci da na lantarki da dare.

A 1926, yana shekara 19, ya koma gida. Mahaifinsa ya ba shi rance, ya buɗe nasa garejin a Valcourt.

Ƙauyen da hunturu ke rufewa

Domin a gane abin da ya dame shi, sai an san yadda hunturun Quebec yake a lokacin.

Dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyin karkara na tsawon watanni, kuma hukuma ba ta share su. Masu motoci sukan kulle su har sai yanayi ya sauya. Wanda tafiya ta kama shi, sai dai ya hau wani abin hawa na katako da dawakai ke ja a kan ƙanƙara.

Hakan na nufin garejin Bombardier kan rasa kwastomomi a duk hunturu. Waɗannan watannin na rashin ciniki su ya riƙa amfani da su yana gwaje-gwaje da tsofaffin motoci da kayan gyaran da ya tara.

Matsalar da yake fama da ita ta yi kama da ta direban da ya shiga yashi. Nauyin mota yana taruwa ne a ɗan wurin da tayoyi huɗu suka taɓa ƙasa, shi ya sa take nutsewa, tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Dole a samu hanyar baza nauyin a faffaɗan wuri, sannan a samu abin da zai kama dusar ya tura motar gaba.

Ba shi kaɗai ne ke wannan tunani ba. A Amurka ana sayar da kayan da ake ɗaura wa Ford Model T don ta yi tafiya a kan dusa, kuma wani mutum mai suna Carl Eliason a jihar Wisconsin ya ƙera nasa ƙaramin abin hawan a 1924.

Bombardier ya shafe kusan shekara 10 yana haɗawa yana kwancewa. Wani ya yi nauyi da yawa, wani injinsa ya ɗau zafi, wani kuma dusa ta cushe masa sarƙa. Wasu mutanen ƙauyen har dariya suke masa.

A cikin wannan tsakani ne ya auri Yvonne Labrecque a 1929. Sun haifi 'ya'ya shida.

Rasuwar Yvon

A hunturun 1934, ɗansa Yvon mai shekara biyu ya kamu da ciwon afendis, wanda ya rikiɗe ya gurɓata masa ciki. Babu abin da zai cece shi sai tiyata.

Asibiti yana Sherbrooke, tafiyar da a yau ba ta kai awa guda a mota ba. Amma dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

Mutumin da ya kwashe shekaru yana ƙoƙarin ƙera motar da za ta ratsa dusa ba shi da ko ɗaya da za ta iya kai ɗansa asibiti a wannan lokaci. Yaron ya rasu.

Bayan wannan rashi Bombardier ya ƙara duƙufa. Cikin shekara guda, a 1935, ya samo bakin zaren.

Ya ƙera wani faifai mai haƙora, irin wanda ke jan sarƙar keke ko ta babur, amma babba, ya lulluɓe shi da roba. Haƙoran ne ke jan wata faffaɗar sarƙa mai kama da ta katafila, wadda aka yi da ɗamara biyu na roba da auduga, aka haɗa su da sandunan ƙarfe.

Robar ta rage girgiza da cin ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin sandunan ta ba dusa damar zubewa maimakon ta taru. A gaba kuma, maimakon tayoyi, ya sa dogayen katakai biyu masu lanƙwasasshen baki, waɗanda sitiyari ke juyawa.

A ranar 29 ga Yunin 1937, gwamnatin Kanada ta ba shi takardar shaidar mallakar wannan fasaha.

Likitoci ne suka fara saye

Motar farko da ya kai kasuwa ya sa mata suna B7. Harafin B na sunansa ne, 7 kuma yawan mutanen da take ɗauka.

An yi gangar jikinta da falankin katako don kada ta yi nauyi, aka sa mata injin Ford a baya.

Waɗanda suka fara saye su ne mutanen da aikinsu ba ya jiran hanya ta buɗe: likitocin karkara, masu motocin ɗaukar marasa lafiya, likitocin dabbobi da limaman coci. Daga baya masu kai wasiƙu da 'yan kasuwa suka biyo baya.

Ciniki ya fi ƙarfin gareji. A 1941 ya buɗe masana'anta mai iya fitar da motoci 200 a shekara, sannan a 1942 ya yi wa kamfaninsa rajista da sunan L'Auto-Neige Bombardier Limitée. 'Yan'uwansa na cikin waɗanda suka riƙe masa manyan muƙamai. A lokacin ne kuma ya fito da B12 mai ɗaukar mutum 12.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya lissafi. Gwamnati ta taƙaita sayar da kayan ƙira ga fararen hula, don haka ya koma zana wa sojoji motoci masu sarƙa. An ƙera fiye da 1,900 bisa fasaharsa tsakanin 1942 da 1946.

Bayan yaƙi ya koma kan kasuwarsa, har ya fito da C18, wadda ta riƙa kai yaran karkara makaranta a lokacin hunturu.

Dokar da ta kusa durƙusar da shi

A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Quebec ta tilasta share dusar ƙanƙara daga hanyoyi.

Ga mutanen karkara, wannan shi ne abin da suka daɗe suna jira. Da an yi hakan tun farko, da wataƙila Yvon ya isa asibiti. Amma ga kamfanin mahaifinsa, bugu ne mai tsanani, domin likitan da motarsa za ta iya bin hanya ba ya buƙatar B12. Cikin shekara guda ciniki ya faɗi da kusan rabi.

Bombardier ya juya ga wuraren da babu hanya kwata-kwata. A 1953 ya fito da taraktar Muskeg, wadda ke iya ratsa fadama da taɓo da dusa. Masu saran katako da kamfanonin neman mai da ma'adinai suka yi ta saye. Ita ta farfaɗo da kamfanin.

Duk da haka, burinsa na ƙuruciya yana nan: ƙaramin abin hawa mai sauƙi na mutum ɗaya ko biyu, wanda zai maye gurbin karnukan da mafarauta da mazauna arewacin Kanada ke amfani da su wajen jan kaya.

Abu biyu suka sa hakan ya yiwu a shekarun 1950. An fara samun ƙananan injina marasa nauyi a kasuwa, sannan babban ɗansa Germain ya ƙera sarƙar roba guda ɗaya maras mahaɗi.

Haihuwar Ski-Doo

A 1959 abin ya fito. Ana hawansa kamar babur, da katakai biyu a gaba da sarƙar roba ɗaya a ƙarƙashi, an shafe shi da rawayan fenti.

Sunan da aka fara zaɓa masa shi ne Ski-Dog, saboda karnukan da zai maye gurbinsu. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne kuskuren ɗab'i ne ya mayar da shi Ski-Doo, kuma sunan ya zauna.

A watan Afrilun wannan shekara, Bombardier da kansa ya kai ɗaya daga cikin na farko ga Maurice Ouimet, wani limamin mishan da ke zaune cikin al'ummar Ojibwe a Lansdowne House, can arewacin lardin Ontario.

A shekarar farko an ƙera 225. Cikin shekara huɗu adadin ya haura 8,000 a shekara.

Abin da bai yi tsammani sosai ba shi ne waɗanda suka fi rububin saye. Ya yi shi ne domin masu aiki, sai ga shi masu neman nishaɗi da 'yan tsere sun mayar da shi nasu.

Bai daɗe ya ga ƙarshen abin ba. Ciwon daji ya kama shi, ya mutu a Sherbrooke a ranar 18 ga Fabrairun 1964, yana da shekara 56.

Abin da ya bari

Surukinsa Laurent Beaudoin ya karɓi jagorancin kamfanin a 1966. A 1974 kamfanin ya samu kwangilar ƙera taragun jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na Montreal, sannan a 1986 ya sayi kamfanin jiragen sama na Canadair.

Ta wannan hanya ce sunan ya iso ƙasashen da ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin CRJ900 na Arik Air ko na Ibom Air a Najeriya, jirgin Bombardier ya hau.

A 2003 aka ware sashen Ski-Doo ya zama kamfani mai zaman kansa mai suna BRP, wanda hedikwatarsa ke Valcourt har yanzu. Sashen jiragen ƙasa kuma an sayar wa Alstom na Faransa a 2021.

A Kanada da arewacin Amurka, akwai mutane da yawa da sha'awarsu ita ce sayen tsohon Ski-Doo da aka yasar, irin su Olympique da Élan. Sukan ja shi zuwa garejin gida, su kwance injin, su wanke kafireto, su sauya sarƙa da kujera, su sake fesa masa fenti, wasu ma su ƙara masa ƙarfi yadda suke so. Kusan irin aikin da yara biyun nan suka yi wa injin Model T ne a 1922.

Garejin da Bombardier ya buɗe da kuɗin rance a 1926 bai rushe ba. Yana nan a Valcourt, a matsayin wani ɓangare na gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a 1971.