Rebecca Nurse, Tsohuwar Da Aka Rataye Kan Zargin Maita

Yau filin namu zai leƙa can ƙasar Amurka, shekaru fiye da 300 da suka wuce, domin mu ji labarin wata dattijuwa da garinsu ya shaida da kirki, amma duk da haka garin ya kashe ta.

An haifi Rebecca a garin Great Yarmouth na ƙasar Ingila cikin 1621. Tana yarinya mahaifinta, William Towne, ya kwashe iyalinsa suka haye teku zuwa Massachusetts, suka zauna a Salem. Mutanen wurin 'yan ɗarikar Furitan ne, watau Kiristocin da suka baro Ingila saboda an matsa musu kan irin ibadarsu. Abin mamaki, da suka sami ƙasa tasu sai su ma suka shiga matsa wa wasu. A 1638 suka kori Anne Hutchinson don tana tara jama'a a gidanta tana bayanin addini, a 1660 kuma suka rataye Mary Dyer a Boston don ta bi wata ɗarika dabam. A dokarsu hukuncin maita kisa ne.

Rebecca ta auri wani masassaƙi mai suna Francis Nurse, mai yin farantan katako. Suka haifi 'ya'ya 8, maza huɗu mata huɗu. A 1678 suka karɓi wata gona mai eka 300 a Ƙauyen Salem, suna biya kaɗan-kaɗan. Ta tsufa cikin 'ya'ya da jikoki, ga ibada, ga kamun kai. Sai dai ƙauyen ba ya zaman lafiya. Akwai tsohuwar rigimar iyakar gona tsakanin danginta da gidan Putnam, ga kuma jayayya kan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, wanda gidan Putnam ke goya wa baya.

Farkon 1692 'yar wannan limami, mai shekara 9, da wata 'yar'uwarsa suka fara faɗuwa suna shure-shure suna ihu. Aka ce sammu ne. Aka fara kama mata uku marasa gata: wata baiwa mai suna Tituba, da wata mai bara, da wata mara lafiya da ta daɗe ba ta zuwa coci. Ba wanda ya tsaya musu. Da abin ya yi nisa, sai yatsa ya koma kan masu mutunci. Ann Putnam, yarinya 'yar shekara 12, da uwarta suka ce siffar Rebecca tana zo musu tana azabtar da su.

Ran 24 ga Maris 1692 aka kawo ta gaban mahukunta. Shekarunta 71, ta taso daga jinya, kunnenta kuma ya yi nauyi. In ta ɗaga hannu sai yaran su yi kururuwa, in ta karkata wuya sai nasu wuyan ya karkace. Ta ce ita ba ta san komai ba, Allah kuma shi ne shaidarta. Aka wuce da ita kurkuku.

Ku dubi irin shaidar da aka karɓa. Mutum zai ce ya ga siffarki da dare, alhali kina kwance a ɗakinki, kuma kotu ta yarda. To, yaya mace za ta kare kanta daga abin da ba wanda ya gani sai mai ƙararta? Wata maƙwabciya ma ta tono tsohon zance, wai shekaru uku baya aladunsu sun shiga gonar Rebecca, ta yi wa mijinta faɗa, bayan haka ya kwanta ciwo ya mutu. Har aka sa mata suka tuɓe tsohuwar nan suna neman alamar maita a jikinta. Wannan wulaƙanci kaɗai ya isa.

Amma ba a rasa masu zuciya ba. Maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda suna shaidar halinta, har da wasu daga zuriyar Putnam, a lokacin da kare wanda ake zargi kan iya jawo wa mutum zargin. Ƙarshen Yuni aka yi shari'a, mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba ta da laifi. Nan take masu ƙara suka ɓarke da ihu. Babban alƙali, William Stoughton, ya ce a sake duba wata magana da ta yi sa'ad da aka shigo da wata fursuna mai suna Deliverance Hobbs don ta ba da shaida, inda Rebecca ta ce ai wannan ɗaya daga cikinsu ce. Nufinta tare suke tsare. Aka fassara shi da cewa tare suke maita. Da aka tambaye ta ma'anar maganar ba ta amsa ba, domin ba ta ji tambayar ba. Shirun nan shi ya kashe ta.

Ran 3 ga Yuli aka kai ta cocin garin Salem, inda ta shekara 20 tana cikin jama'arsa, aka yanke ta daga cikinsu a gaban kowa. Gwamna William Phips ya dakatar da hukuncin, aka matsa masa ya janye. Da ta amsa laifi da wataƙila ta tsira, gama waɗanda suka amsa ba a rataye su ba. Ta ƙi yin ƙarya a kan kanta. Ran 19 ga Yuli 1692 aka rataye ta tare da wasu mata huɗu. Zuriyarta sun riƙe labarin cewa da dare 'ya'yanta suka ɗauko gawar a ɓoye suka binne ta a gonarsu.

Masifar ba ta tsaya kanta ba. Ƙanwarta Mary Easty ita ma an rataye ta ran 22 ga Satumba, ɗaya ƙanwar, Sarah Cloyce, ta sha ɗauri har 1693. Duka-duka mutum 19 aka rataye, 14 daga cikinsu mata ne, aka kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu.

'Ya'yan Rebecca ba su haƙura ba. Suka ƙaurace wa limamin nan Parris, suka yi ta kai ƙararsa har ya bar ƙauyen a 1697, shekarar da masu taya alƙalin suka rubuta neman gafara. Mijinta bai ga wannan ba, ya rasu tun 1695. A 1706 Ann Putnam, ta girma ta zama marainiya, ta miƙe tsaye a coci aka karanta tubanta, ta ambaci Rebecca da ƙannenta biyu. A 1711 hukuma ta soke hukuncin ta biya iyalin fam 25, a 1712 kuma coci ta mayar da sunanta cikin jama'arta.

Ƙauyen Salem yanzu ana kiransa Danvers. Gidan iyalin Nurse yana nan, jama'a na zuwa kallo. A maƙabartar gidan akwai dutsen tunawa da ita da jikokin jikokinta suka kafa a 1885, kusa da shi kuma akwai wani na 1892 mai ɗauke da sunayen maƙwabtan da suka tsaya mata.