Tarihin Charles Krauth, Malami Mai Tara Littattafai

A birnin Filadalfiya, ƙasar Amurka, Kirista 'yan ɗarikar Luther sun buɗe wani ɗakin littattafai a makarantarsu ta horon limamai cikin 1908, suka sa masa sunan Krauth. Labarin mai sunan za mu ba ku yau.

An haifi Charles Porterfield Krauth ran 17 ga Maris, 1823, a garin Martinsburg. Ubansa malami ne, shi ne ma ya fara shugabancin kwalejin Gettysburg. Nan yaron ya yi karatu, ya fita daga makarantar limamai ta garin a 1841 yana ɗan shekara 18, ya kama wa'azi.

Ana nan sai gardama ta tashi. A 1855 wata takarda ta fito ba sunan mawallafi, ashe ta malaminsa ce, Samuel Schmucker. Abin da take nema shi ne a gyara Shaidar Augsburg, watau takardar aƙidar da magabatansu suka miƙa wa Sarki Charles na Biyar a Jamus cikin 1530, don ta yi daidai da ra'ayin sauran Kiristan Amurka. Da fari Krauth neman sulhu ya yi. Amma ya duƙufa kan tsofaffin littattafan Jamusanci da Latin, yana saye yana tarawa, har ya tabbata a ransa gyaran nan rushe tushe ne, ya fito fili ya saɓa wa malaminsa. Ba mu shiga shari'ar wane ne da gaskiya ba. Sai dai duk akawun da ya taɓa tono tsohon fayil ranar gardama ya san ƙarfin mai takarda a hannu.

Abin ya kai ga rabuwa. A 1864 aka kafa sabuwar makaranta a Filadalfiya, aka naɗa shi malamin tauhidi. A 1871 ya fitar da babban littafinsa na kare aƙidar magabata. Har wa yau ya koyar da falsafa a Jami'ar Pennsylvania.

A 1880 ya haye Turai, ya zaga wuraren da Luther ya zauna, da nufin rubuta tarihinsa. Ajali bai bar shi ya ƙare ba, ya rasu ran 2 ga Janairu, 1883. Dubban littattafansa suka koma hannun makarantar, sai bayan shekara 25 suka sami gini nasu.