Harry Wills, Ɗan Damben da Aka Hana Karo

A ƙasarmu, in kaka ta yi aka kafa fagen dambe, duk wanda ya ɗaure hannu ya fito sai a nemo masa abokin karawa. Amma a Amurka an yi wani ɗan dambe da ya tsufa yana jiran karo guda, bai samu ba. Sunansa Harry Wills.

An haife shi a New Orleans a 1889. Baƙar fata ne, dogo, ƙaƙƙarfa, wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa. A 1920 ya kayar da Fred Fulton a turmi na 3, a 1924 kuma ya rinjayi Luis Firpo na Ajantina. Kowa ya san shi ya cancanci karawa da Jack Dempsey, zakaran duniya na masu nauyi tun 1919.

A 1925 suka sa hannu a takarda. Wills ya karɓi dala 50,000, amma kuɗin Dempsey ba su fito ba, maganar ta watse. Hukumar wasanni ta New York ta hana Dempsey dambe a jihar muddin bai kara da Wills ba. Sai aka kai wasansa Philadelphia, inda Gene Tunney ya ƙwace kambun a 1926.

Har yau masu sha'awar dambe suna gardama. Wasu sun ce tsoro ne, wasu sun ce rashin kuɗi. Amma akwai babban dalili. A 1910 baƙar fata Jack Johnson ya lallasa Bature Jim Jeffries, tarzoma ta tashi a birane, aka rasa rayuka. Tex Rickard, wanda ya shirya wancan karo, shi ne kuma mai shirya manyan wasannin Dempsey, bai yarda a sake irinsa ba.

Wills ya bar dambe a 1932, ya sayi gidajen haya a unguwar Harlem, ya zauna cikin rufin asiri har ya rasu a 1958.

To, 'yan'uwa ɗalibai, da an kara, mai yiwuwa Dempsey ya yi nasara. Gani ya kori ji, amma aka hana kowa gani. Wariya ta cuci Wills, ta kuma bar wa Dempsey tabon da bai goge ba.