Pu Songling: Malamin da jarrabawa ta kayar, labaran fatalwa suka ɗaukaka

A ƙasar Sin da wuya a sami ɗan makarantar da bai san sunan Pu Songling ba, marubucin da ya bar wa duniya labarai kusan 500 na fatalwa da aljanu da soyayya da shari'a. Amma a zamaninsa, malamin ƙauye ne kawai da ya yi ta faɗuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya kuma rasu ba tare da ya ga an buga littafinsa ba.

An haife shi a shekarar 1640 a gundumar Zichuan ta lardin Shandong da ke gabashin ƙasar. Mahaifinsa mai ilimi ne da ya koma kasuwanci, sai dai dukiyar gidan ta riga ta ja baya. Yana ɗan shekara huɗu daular Ming ta faɗi, daular Qing ta 'yan ƙabilar Manchu ta karɓi mulki a 1644, don haka ya tashi ne cikin tawaye da kashe-kashe da suka addabi yankinsu.

Jarrabawar da ta gagare shi

A wancan lokaci hanyar samun muƙami ɗaya ce tak ga ɗan talaka, wato jarrabawar da fadar sarki ke shiryawa mataki-mataki. Pu ya fara da ƙafar dama. A 1658, yana da shekaru 18, ya zo na ɗaya a jarrabawa uku a jere ta matakin farko, kuma babban mai duba takardu, Shi Runzhang, ya yaba da rubutunsa ƙwarai.

Daga nan sai al'amura suka tsaya cik. Jarrabawar lardi, wadda ake yi duk bayan shekaru uku, ta gagare shi har tsufansa. A 1687 ma ba faɗuwa ya yi ba, soke takardarsa aka yi saboda ya tsallake shafi guda cikin gaggawa, abin da ya saɓa wa ƙa'ida. Sai da ya kai shekaru 70 aka ba shi wani ƙaramin matsayin ilimi, shi ma don daɗewarsa a layi.

Domin ciyar da iyali, ya yi wa wani abokinsa mai mulkin gundumar Baoying aikin magatakarda na kimanin shekara guda daga 1670, inda ya ga yadda ake tafiyar da ofis da kotu da idonsa. Daga 1679 kuma ya zauna gidan wasu masu hali, iyalan Bi, yana koyar da 'ya'yansu har tsawon shekaru 30, matarsa da yaransa na can ƙauye.

A wannan zaman kaɗaici ne ya ci gaba da rubuta littafin da ake kira Liaozhai Zhiyi, ma'ana labaran ban al'ajabi daga ɗakin karatunsa mai suna Liaozhai. Akwai wata ƙissa da ta shahara cewa yakan zauna bakin hanya yana ba matafiya shayi su kuma su biya shi da labari, amma masana da dama na ganin ƙari ne aka yi daga baya.

Soyayya da fatalwa

Wanda ya saba jin labaran auren aljana a ƙasar Hausa ba zai ji baƙunta sosai ba a littafin. Sau da yawa jarumin ɗalibi ne matalauci da ke karatu shi kaɗai da dare, sai wata kyakkyawa ta shigo, daga baya a gane ko dai fatalwa ce ko kuma yanyawa ce ta rikiɗe.

Mafi shahara shi ne labarin Nie Xiaoqian, budurwar da ta mutu amma wani dodo ya tilasta mata yaudarar matafiya don a kashe su. Wani ɗalibi da ya sauka a wani tsohon wurin bauta ya ƙi amsa tayinta, ya kuma yi jifa da zinariyar da ta kawo masa. Ganin haka ta tona masa asirin, shi kuma ya haƙo ƙasusuwanta ya sake binne su kusa da gidansa, har ta kai ga sun yi aure.

Abin lura shi ne, a hannun Pu waɗannan halittu su ne suka fi riƙon amana da cika alkawari. Muguntar takan fito ne daga masu muƙami. A labarin Xi Fangping, wani ɗa ya bi mahaifinsa lahira don neman masa hakki, sai ya tarar alƙalan can ma cin hanci suke yi.

Bai kuma bar masu duba jarrabawa sun sha ba. A wani labarin, wani makahon malamin addinin Buddha yana gane ingancin rubutu ta hanyar ƙona takardar ya shaƙi hayaƙin. Ɗalibin da rubutunsa ya tayar wa makahon da zuciya shi ne ya ci jarrabawa, wanda aka yaba wa kuwa ya faɗi. Ba sai an faɗa ba, marubucin ciwon kansa yake sosawa.

Binciken kisan kai

Ta fuskar bincike kuwa, labarin Yanzhi ya yi fice. An kashe wani likitan dabbobi cikin dare, aka tsinci takalmin 'yarsa a wurin. Kotun farko ta azabtar da saurayin da yarinyar ke so har ya amsa laifin da bai yi ba, ta biyu ta sake shi ta kama wani, shi ma ba shi ne ba.

Mai bincike na uku ya tara waɗanda ake zargi a ɗaki mai duhu, ya ce musu abin bauta zai yi rubutu a bayan mai laifi. Ashe ya sa an shafe bango da toka, an kuma wanke musu hannu da ruwan kunkunniya. Wanda ya yi kisan ya manna bayansa da bango, da zai fito kuma ya rufe shi da hannu, sai ga shaida a jikinsa. Sunan da Pu ya ba wannan mai bincike shi ne na Shi Runzhang, mutumin da ya yaba masa yana saurayi.

Matarsa ta rasu a 1713, shi kuma ya bi ta a 1715. Rabin ƙarni littafin yana yawo hannu da hannu ana kwafa, sai a 1766 aka buga shi. Baturen Ingila Herbert Giles ya fassara labarai 164 zuwa Turanci a 1880, a 1987 kuma masu shirya fina-finai na Hong Kong suka mayar da labarin Nie Xiaoqian fim ɗin da ya karaɗe nahiyar Asiya.

Kimanin rabin rubutun da Pu ya yi da hannunsa ya tsira, yana ajiye a ɗakin karatu na lardin Liaoning, gidansa na ƙauye kuma an mayar da shi gidan tarihi.