Mamman Shata: Mai tallar alewa da ya zama Dakta

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa da ke jihar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani kallon maroƙi ake yi wa mawaƙi. Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin ya riƙe ta sana'a.

Ba ya rubuta waƙa. Da zarar makaɗa sun saki kalangu, nan take yake ƙirƙirar baitoci, 'yan amshi na karɓa. Ya yi wa sarakuna, attajirai, direbobi da manoma waƙa, har da kumbon Apollo 11 da ya kai Amurkawa duniyar wata a 1969. Bakandamiya ita ce kirarin da ya yi wa kansa.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Sana'ar da aka raina ta samu kujera cikin masana.

Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura. Har gobe muryarsa na tashi a wayoyin direbobi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Allah ya jiƙansa.