Alhassan Ɗantata da Darasin Ayari

A unguwarmu da ke Garki kowane gida yana biyan kuɗin 'yan banga duk wata, alhali hedikwatar 'yan sandan ƙasa tana kusa da mu. Da na kawo zancen a aji sai musu ya kaure: shin haɗin kan jama'a zai iya maye gurbin hukuma wajen tsaro? Ni dai a kasuwa na fara koyon Hausa, kuma a tarihin wani ɗan kasuwa na sami amsa.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, sai wata mata mai suna Tata ta raine shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata.

A wancan zamani babu ɗan sanda a hanyar Gwanja. Fatake kan haɗu su yi ayari a ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, mazaje riƙe da makamai, in an sauka zango su tsare junansu. Haka goro ya riƙa isowa Kano shekara da shekaru. Duk da haka, sai sun biya sarakunan ƙasashen da suke ratsawa kafin su wuce lafiya.

Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893, yaƙi ya ci Bebeji, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, da ƙyar suka kuɓuta. Haɗin kan fatake bai hana wannan ba, domin sarautar da kowa ke fakewa a inuwarta ce ta rabu biyu.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya shiga cinikin gyaɗa har ya shahara. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙumi 20, ya ajiye a banki, wato ya amince da amanar da doka ke karewa. Ya rasu a Kano a 1955.

Abin da na koya shi ne, ayari yana iya korar ɗan fashi, amma ba ya iya tsayar da yaƙi ko hukunta mai ƙarfi. Saboda haka zan ci gaba da biyan kuɗin 'yan banga, amma ba zan yafe wa hukuma haƙƙin da ke wuyanta ba. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan.