Likita Mila na Wusasa: Abin Da Ƙauna Ta Ci Masa

A taron zumuntar matasa da muka yi a nan Unguwar Hajji, mun karanta sura ta 13 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. Da muka gama sai wani saurayi ya tambaya ko wajibi ne Kirista ya ci gaba da ƙaunar mutanen da suka nuna masa a fili ba sa son sa. Aka yi ta muhawara har duhu ya yi. Na yi musu alkawari zan kawo labarin wani mutum da ya gamu da wannan tambaya a nan ƙasarmu. To, ga cikon alkawari.

Sunansa Walter Miller, amma Hausawa sun fi saninsa da Likita Mila. An haife shi a Ingila a shekara ta 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya tara dukiya. Sai ya miƙa kansa ga mishan ɗin CMS domin kai bishara ƙasar Hausa. Kafin ya taka ƙasar nan ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da masu niyyar aikin hajji. A can ya sadu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda daga baya ya zama kamar ɗansa.

A shekara ta 1900 su biyar suka taso daga Legas a ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka yi tafiyar watanni har suka iso Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya umarce su su fita daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka koma ƙasar Zazzau suka sauka a Girku. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, gidan da suka gina kuma ya ƙone. Sauran suka koma gida da rashin lafiya. Duk mai hankali zai ce ƙofa ta rufu, a nemi wata ƙasa. Likita Mila kuwa da ya warke sai ya juyo Girku, a 1905 kuma ya sami izinin zama cikin birnin Zariya.

A Zariya ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara maza. Marar lafiya in ya zo, ba a tambayarsa addininsa kafin a wanke masa gyambo. Yaran da ba su da mai riƙo ya ɗauke su a gidansa, ya ciyar da su, ya koya musu karatu da Hausa da Turanci. Bai taɓa yin aure ba, su ne iyalinsa. Shekaru suka wuce waɗanda suka karɓi baftisma ba su da yawa, jami'an mulkin mallaka kuma suna hana shi wa'azi a fili don kada su ɓata da sarakuna. Duk da haka bai tattara kayansa ba.

A 1913 waɗansu mutane da ake kira Isawa suka neme shi. Su zuriyar almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da ya girmama Annabi Isa ƙwarai a koyarwarsa, aka kashe shi, mabiyansa suka warwatsu har ƙasar Ningi. Da yawa cikinsu suka ba da gaskiya, aka kafa musu ƙauye a Gimi, da majami'a da makaranta da gonaki. Likita ya ga kamar lokacin girbi ya yi. Amma akwai ƙudan tsando a wurin. Ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane masu yawa cikin 'yan shekaru, har Gimi ta watse. Ku duba nauyin wannan a zuciyar likita, mutanen da suka amince da shi suna mutuwa a gabansa, maganin da ke hannunsa kuma bai isa ba. Abin da ya iya shi ne ya kwashe marayun ya kai su makarantarsa.

Wajen 1929 aka mai da mishan ɗin bayan gari, wato Wusasa, inda majami'ar St Bartholomew take har yau. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya sha shekaru yana yi tare da abokan aikinsa Turawa da Hausawa. Kakanninmu da suka fara karanta Maganar Allah da harshensu, wahalarsa suka ci. Daga jama'ar da ya kafa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa ɗin kuma Janar Yakubu Gowon ya girma.

Kada mu ɓoye gaskiya, Likita Mila ɗan Adam ne. An san shi da zafin rai da tsananin horo, ya sha yin faɗa da jami'an gwamnati da sarakuna, har da mishan ɗinsa, wanda ya bari a 1935. Manzo Bulus ya sa haƙuri a kan gaba cikin halayen ƙauna, a nan kuwa Likita ya sha faɗuwa. Amma manzon ya kuma koyar cewa ƙauna tana daurewa har ƙarshe, wannan kam Likita ya cika shi. Ya dawo Nijeriya, ya ƙarasa tsufansa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80. A ƙasar nan aka binne shi.

Matasa 'yan'uwana, sau da yawa in mun ce ƙauna, hankalinmu yakan tafi ga saurayi da budurwa. Wannan ma kyautar Allah ce, amma saurayin da ke guduwa da zarar an ɓata masa rai, yaya zai riƙe mace shekara arba'in? A nan Karaye da Rogo rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya muke ci, waɗansunsu ma kakanmu ɗaya. Wani lokaci za a faɗa muku magana mai zafi saboda bangaskiyarku. Ba a ce ku yi musun Ubangijinku ba, ba a kuma ba ku izinin rama gayya ba. Wanda aka kora daga Kano a 1900 ya ba Hausawa shekara hamsin na ransa.

Kafin taronmu na gaba, kowa ya tuna da mutum ɗaya da suka daina gaisawa, ya je ya gaishe shi, in yana da aikin gona ya kama masa. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.